Yadda Ake Kulle Waya Ta Riƙe Sirrinka da Na Mutanen da Ke Cikinta

Na daɗe ina yi wa mutane wannan aiki: 'yan'uwa, maƙwabta, 'yan ƙungiyar unguwa, da wasu abokai masu aikin jarida da ke yawo da lambobin mutanen da suka ba su labari a ɓoye. Kusan kowa sai bayan ta ɓaci yake zuwa. Wannan an ƙwace masa WhatsApp ana roƙon kuɗi da sunansa, wancan hoton iyalinsa ya fita daga wayar da ya kai gyara, wani kuma masu ba da bashi ta waya sun tura wa surukinsa saƙo cewa shi macuci ne.

Doka tana bayanka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma a watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Kafin waɗannan duka, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Sai dai ita doka sai an yi ɓarna take tashi, kuma hoton da ya riga ya zaga gari babu alƙalin da zai dawo da shi. Makullin kai za ka saka da hannunka. Ka tuna kuma ba sirrinka kaɗai ke cikin wayar ba: akwai kukan da ƙanwarka ta kawo maka na gidan aurenta, akwai lambar wanda ya ce kada a ji daga bakinsa. Amana ce. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu, amma maganar har da ke, 'yar'uwa, wataƙila ma ta fi shafarki.

Kayan aiki

- Wayar, da caji cike.
- Katin robar da aka ɓalle layinka daga jikinsa ranar da ka saya. A jikinsa lambar PUK take, wato lambar da ake buɗe layi da ita in ya rufe.
- Ƙaramin littafi da biro. Littafin a gida zai zauna, ba a bayan kondon waya ba.
- Data mai ɗan auki, don akwai sabunta manhajoji.
- Adireshin imel da kai da kanka kake iya buɗewa.
- Wayar wani da ka amince da shi, don gwaji.
- Kamar awa biyu ba tare da ana kiranka ba. Bayan sallar Isha ya fi.

Sunayen wuraren da za ka taɓa na bar su da Turanci yadda suke fitowa a allo. Sukan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da itel da Samsung, don haka in ka rasa abu, rubuta sunansa a gurbin bincike da ke saman Settings.

Mataki na 1: Rubuta abin da za ka nema ranar da wayar ba ta hannunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, wato lambar shaidar ita kanta wayar. Rubuta ta. Rubuta PUK ɗin layinka. Tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take, ka rubuta. Ƙara lambobin mutum uku da za ka kira in ka shiga matsala, har da lauya in kana da shi. Ɗaya daga ciki ka haddace ta.

Sannan ka tambayi kanka: layin nan da sunan wa aka yi masa rajista? Tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN a Najeriya, kuma na sha ganin wanda ya shekara goma da layi, ashe da NIN ɗin yayansa ko na mai shago aka haɗa shi. Ranar da ya ɓata ba za a yi masa walkam-bak ba sai mai sunan ya zo. In haka naka yake, je ofishin kamfanin layin tare da mai sunan a mayar da shi naka tun ana zaman lafiya.

Mataki na 2: Kulle layin kansa

Nan ne ƙofar gida, kuma nan ne aka fi bari a buɗe. Ɓarawon waya na yanzu bai damu da makullin allonka ba. Zare layin zai yi ya saka a ƙaramar waya, shi ke nan duk saƙon banki da lambar shiga WhatsApp da Facebook wurinsa za su riƙa zuwa. Wayar ta dubu tamanin ce, amma layin yana iya kai shi ga duk abin da ke asusunka.

Shiga Settings, sai Security, ka nemi SIM card lock. A iPhone yana ƙarƙashin Cellular ko Mobile Service, da sunan SIM PIN. Kunna shi. Zai nemi lambar farko da kamfani ya saka wa layin. Duba jikin katin robar, ko ka kira kamfanin ka tambaya. Da ya karɓa, sai ka zaɓi Change SIM PIN ka saka taka. Kashe wayar ka kunna. In ta nemi lambar kafin sabis ya hau, aiki ya yi.

Gargaɗi, kuma da babbar murya: sau uku kawai ake ba ka. In ka yi kuskure sau biyu, tsaya, kada ka yi canke na uku. In ya rufe zai nemi PUK mai alƙaluma 8, ita kuma in aka kuskure ta sau goma layin ya mutu, sai an yi sabo. Na taɓa kashe wa wata gwaggona layi da garaje irin wannan, har yau in mun haɗu a biki sai ta tuna min.

In katin robar ya ɓata, kada ka fara wannan mataki sai ka karɓo PUK daga ofishin kamfanin da katin shaidarka. In ƙaramar waya mai madannai gare ka, ita ma tana da wannan makulli a ƙarƙashin Security.

Kafin ka bar nan, danna ##002# ka kira. Wannan yana soke duk wata karkatar da kira da aka yi wa layinka. 'Yan damfara kan sa mutum ya danna wasu lambobi da sunan cin gasa ko karɓar tallafi, ashe kiransa ne ya karkatar zuwa wayarsu, su kuma su karɓi lambar WhatsApp ta hanyar kira.

Mataki na 3: Makullin allo

Saka lamba mai alƙaluma shida ko fiye. Ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka, ban da 123456. Zanen nan da ake ja da yatsa ban cika son sa ba: yawanci harafin farko na sunan mutum ne, na kusa da kai a mota yana gani sau ɗaya ya riƙe, kuma maiƙon yatsa kan bar sawunsa a gilashi.

Buɗewa da ɗora yatsa da buɗewa da fuska suna da sauƙi, ban ce a bar su ba. Amma yatsan mai barci yana buɗe waya, haka yatsan wanda aka riƙe wa hannu. Dabarar ita ce, duk lokacin da ka ji ba ka natsu da wuri ba, ka kashe wayar gaba ɗaya. Waya in an kunna ta sabuwa ba ta karɓar yatsa sai an saka lamba.

Abu biyu kuma. Sa allon ya riƙa rufe kansa bayan daƙiƙa 30. Sannan a Notifications ka zaɓi ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa in waya tana kulle. In ba haka ba, lambar sirrin da banki ya turo za ta fito ɓaro-ɓaro a kan allo, kowa ya karanta ba tare da ya buɗe komai ba.

In waya ɗaya ce ake amfani da ita a gida, yara na kallo, uwargida na kira, to saka wa WhatsApp da manhajar banki da ma'ajiyar hotuna makulli na daban. Yawancin wayoyi suna da App lock a cikinsu, ba sai ka sauko da wata manhaja ba.

Mataki na 4: WhatsApp

Nan zan daɗe, don nan aka fi kuka.

Ga yadda ake ƙwacewa. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunanka, ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na masallaci ko na 'yan kasuwa, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Ko ya ce sunanka ya fito a tallafi. Lambar nan mai alƙaluma shida ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Shi ne ya saka lambar wayarka a tasa wayar, kamfanin ya turo maka lambar tabbatarwa, kai kuma ka miƙa masa. Cikin minti ɗaya an fitar da kai, an fara tura wa mutanenka "don Allah ranta min dubu ashirin zuwa gobe". Sunanka da na zauren kuwa daga wayar wanda aka ƙwace kafin kai ya samo su. Ba a karanta wa kowa wannan lamba. Ko da muryar aminin ka ce.

Yanzu saka sakata ta biyu. Buɗe WhatsApp, Settings, Account, Two-step verification. Zaɓi wata lamba shida wadda ba irin ta allonka ba. Zai nemi imel: saka, kada ka tsallake, don ta nan za ka dawo in ka manta. Rubuta lambar a littafi. Daga yau ko an sami lambar da ake turowa ta saƙo, sai an san wannan kafin a shiga.

Sai Linked devices. Duk kwamfuta ko wayar da aka jona da WhatsApp ɗinka a nan za ta fito. Wanda ya ari wayarka minti biyu "zai yi kira" yana iya jona ta da tasa, ya riƙa karanta hirarka daga gidansa wata da watanni. Abin da ba ka gane ba, taɓa shi ka danna Log out. Ka riƙa leƙa wurin nan duk Juma'a.

Sai Privacy. Hoton fuska da Last seen da About, mayar da su My contacts. Groups ma haka, don kada kowane baƙo ya jefa ka zauren da ba ka san kansa ba. Kunna Silence unknown callers in baƙin lambobi na damunka.

Sai ajiyar hira, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a ƙulle suke tafiya daga waya zuwa waya, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Amma kwafin da ake ajiyewa a Google Drive ko iCloud ba ya samun wannan kariya sai ka kunna ta. Shiga Chats, Chat backup, End-to-end encrypted backup, ka saka kalmar sirri. Rubuta ta da kyau, don in ka manta kuma wayar ta ɓata, babu mai iya buɗe maka, hirar ta tafi.

Ga hirar da ba ka son ta taru, kunna Disappearing messages: awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Abin da babu shi a waya ba a ƙwace shi.

Kurakurai biyu da nake yawan gani. Na farko, GBWhatsApp da 'yan'uwansa, da ake so don ganin saƙon da aka goge. Ba kamfanin ne ya yi su ba, ba ka san wanda ya ƙera ba balle abin da yake kwasa, kuma ana iya rufe maka lamba saboda su. Goge, ka sauko da na ainihi daga Play Store. Na biyu, ɗaukar zaure kamar ɗakin kwana. Zauren WhatsApp yana cin mutum 1,024. Duk ƙullin da aka yi wa saƙo bai hana ɗaya daga cikinsu ɗaukar hoton allo ya kai inda ba ka so. A Nuwambar 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da aka yi ta surutu kafin a janye ƙarar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama 'yan jarida da masu rubutu da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Ban ce ka yi shiru ba, sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka bakin magana. Na ce ka san a kasuwa kake magana, ka faɗi abin da za ka iya tsayawa a kansa.

In aikinka ya shafi asirin da zai iya jefa wani cikin haɗari, ku koma manhajar hira ta Signal kai da shi. Kyauta ce, kuma bayanan da take tarawa a kan masu amfani da ita kaɗan ne ƙwarai.

Mataki na 5: Imel da Facebook

Wa ya buɗe maka Gmail ɗin da ke wayarka? In amsar ita ce yaron shagon da ka sayi waya, to akwai wanda ya san kalmar sirrinka, kuma sau da yawa lambar wayarka ce kawai ya saka. Ta wannan imel ake kaiwa ga lambobin mutanenka da hotunanka da inda wayarka take. Shiga Settings, Google, Manage your Google Account, Security, ka canza.

Kalmar sirri mai kyau doguwa ce, ba sai mai wuyar tunawa ba. Haɗa kalmomin Hausa huɗu da ba su da dangi da juna, ka sa lamba a tsakani, irin su tukunya da jirgi da Laraba da goro. Kada ka ɗauki waɗannan, nemi naka. Kowane asusu da tasa: in ɗaya ce ko'ina, ranar da ta fita daga wuri ɗaya ta buɗe sauran.

A nan Security ɗin ka kunna 2-Step Verification. Google zai ba ka lambobin ko-ta-kwana guda goma, Backup codes, ka kwafe su a littafi. A Facebook ka nemi Password and security, ka kunna Two-factor authentication, sannan ka duba Where you're logged in ka kori duk na'urar da ba taka ba. In za ka iya, yi amfani da manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes, don ita ba ta dogara da layi ba. In ya yi maka nauyi, saƙon tes ɗin ma ya fi babu, tunda ka riga ka kulle layin.

Mataki na 6: Sharar manhajoji

Buɗe jerin manhajojinka ka goge duk wadda ka yi wata uku ba ka taɓa ba. Sannan ka shiga Permission manager ka duba huɗu: Contacts, Location, Microphone, SMS. Tambayar ɗaya ce: me wannan take yi da wannan? Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutanenka. Wasan yara ba ya buƙatar sanin inda kake kwana.

Manhajojin bashi su ne suka fi muni. Kana danna Allow sun kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara da biya su bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙon cin mutunci. Abin ya kai hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna. Shi ya sa wasu suka koma turo manhajar ta saƙo kai tsaye. Duk manhajar da ta zo ta WhatsApp ko aka tura maka ta Xender, ba daga Play Store ba, ka ɗauke ta baƙon da bai yi sallama ba.

Leƙa Accessibility da Device admin apps. Manhajojin leƙen asiri da miji ko saurayi ko maigida kan dasa a ɓoye nan suke fakewa, da suna mai kama da na waya. In kin ga abin da ba ki gane ba kuma kina zargin na kusa da ke ne, kada ki yi saurin gogewa, don zai gane. Fara neman shawarar wanda kika amince da shi ta wata wayar.

Daga nan ka sabunta wayar da manhajojinta. Na san data ake ji, amma yawancin sabuntawar toshe ɓaraka ce da aka gano.

Akan tambaye ni batun Pegasus, manhajar leƙen asirin kamfanin NSO na Isra'ila. Gaskiya ce: a 2019 WhatsApp ya ce an kai wa kimanin mutum 1,400 hari da ita, kuma a 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta saka Najeriya cikin ƙasashen da take ganin suna amfani da kayan leƙen asirin waya na kamfanin Circles. In kai ɗan jarida ne ko mai fafutuka kuma kana da dalilin zargi, ƙungiyar Access Now tana da layin taimako kyauta. Amma a duk waɗanda suka zo wurina, ban ga wanda irin wannan ta ci ba. Lamba shida ce ta ci su, da mai gyara.

Mataki na 7: In waya za ta shiga hannun wani

Wurin mai caji: kashe ta ɗungurungum kafin ka miƙa. Ta fi saurin cika ma.

Wurin masu turin fina-finai da waƙoƙi: kada ka ba da wayar a buɗe ka tafi. Ware katin memori na turi kawai, wanda babu komai naka a ciki, shi za ka miƙa.

Wurin mai gyara: cire layi, cire memori. Yawancin gyara, kamar canjin gilashi ko wurin caji ko batir, ba ya buƙatar lambarka. In ya ce sai ya gwada, kai ka buɗe da hannunka, a gwada a gabanka. Wasu wayoyin Samsung suna da Maintenance mode da ke ɓoye komai naka har a gama. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, amma shago ba mutum ɗaya ba ne, akwai yara masu koyo, akwai abokan zaman hira. Kuma hoton da ka goge bai tafi ba, yana kwandon shara na ma'ajiyar hotuna har tsawon makonni. Shiga can ka sake gogewa. Shawarata da ba a cika so ba: hoton da in ya fita zai hana ki fita, kada a ɗauke shi tun farko, ko wa ya roƙa.

In sayarwa za ka yi ko kyauta, kwashe kayanka, cire asusun Google, sannan ka yi Factory reset. Memori kuwa kada ya bi ta.

Mataki na 8: In ka ɗauki shaidar zalunci

Ka ga ana dukan wani, ko an rushe shaguna, ko an ci zarafin yarinya, ka ɗauka a waya. Tsaya kafin ka watsa.

Ajiye na asalin yadda yake, kada ka yanke, kada ka sa masa rubutu ko kiɗa, don shi lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa za su nema. Tura kwafinsa ga mutum ɗaya amintacce, ka rubuta rana da lokaci da wuri a littafi. Wanda za a watsa kuwa, rufe fuskar wanda aka zalunta da ta shaidu. Signal tana da abin dusashe fuska a hoto. In babu, ko shafa baƙin fenti na gyaran hoto ya wadatar. Nemi izinin mai abin ko iyayensa. Sau da yawa wanda aka zalunta ya fi shan wahalar bidiyon fiye da azzalumin.

Hoto yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi a cikinsa. In ka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp ana share wannan, amma in ka tura shi a matsayin Document yana tafiya da komai. Ga lauya wannan amfani ne, ga jama'a haɗari ne. In ba ka buƙata, kashe Location a saitin kyamara.

Mataki na 9: Shingen bincike da ɗaukewar sabis

A Oktoban 2020, ana dab da zanga-zangar EndSARS, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya gargaɗi jami'ansa su daina binciken wayoyin mutane barkatai ba da izini ba. Sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. Ka san wannan. Amma ka san kuma a kan hanya da daddare, gaban mai bindiga, ba wurin karanta sashe ba ne. Kashe wayar tun kafin ku iso. In an nema, tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, laifin me ake zargina da shi?" Kada ka yi fizge-fizge, kada ka hau goge abubuwa a gabansu. In an tilasta, riƙe suna da wuri da lokaci, ka kai ƙorafi daga baya. Kariyar gaske ita ce wadda ka yi a gida: abin da bai kamata ya yi tafiya ba, bai hau mota ba.

Sabis kuma iri biyu ake ɗaukewa. Akwai toshe dandali ɗaya, kamar yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wannan ana tsallake shi da VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanyar, irin su Psiphon ko Proton VPN, kuma tun kafin a rufe ake saukewa. Guji VPN ɗin da ba a san mai shi ba, don duk zirga-zirgarka ta hannunsa za ta bi. Akwai kuma kashewa gaba ɗaya, kamar Zamfara a Satumbar 2021 da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, ko intanet ɗin waya da aka katse a Nijar kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Nan VPN ba ta da abin yi. Abin da ke aiki shi ne lambobi a takarda, ɗan kuɗi a hannu tunda POS zai tsaya, rediyo mai batir, da yarjejeniya da iyali kan inda za a haɗu ko wanda za a bar wa saƙo.

Mataki na 10: Ranar da aka sace ko aka ƙwace

Bi wannan jeri, kada ka juya shi. Ari waya, ɗauko littafinka.

Fara da banki: danna lambar rufe asusu. Sai kamfanin layi: a rufe layin, ka je walkam-bak da katin shaidarka da wuri. Sai ka shiga asusun Google daga wata na'ura, ka buɗe Find My Device, wanda yanzu ake kira Find Hub, ka kulle wayar ko ka goge ta daga nesa, ka canza kalmar sirri. In taswira ta nuna maka inda take, kada ka bi da kanka, kai wa 'yan sanda tare da lambar IMEI.

In WhatsApp kaɗai aka ƙwace kuma layin yana hannunka, sake saka lambarka a WhatsApp, a turo maka sabuwar lamba shida, ka shigar. Da ka shigar an fitar da ɓarawon. In ya riga ya saka tasa sakata ta biyu, za a ce ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje a tsawon kwanakin. Kafin nan ka sa mutum biyu su sanar a duk zaurukan da kake cewa kada a tura kuɗi, kada kuma a karanta wa kowa lamba, don daga kanka zai wuce kan na gaba.

In kamfani ne ya watsa bayananka ko ya bi mutanenka da cin mutunci, kada ka goge saƙonnin don haushi. Ɗauki hoton allo na kowanne yadda rana da lambar da ta turo za su fito, ka karɓi na waɗanda aka tura wa, ka rubuta ƙorafi ga NDPC, in na bashi ne ka haɗa da FCCPC. A Nijar hukumar HAPDP ce ke karɓar irin wannan. Ajiye kwafin takardar da ka kai, ka rubuta ranar a littafin nan.